Singafo na neman masu cin fara, Kano na da su tun tuni

A watan Yunin 2024 birnin Singafo ya karɓi baƙuncin babban taron masu sana'ar kiwon ƙwari na duniya, wanda aka fara yi a ƙasar Holan a 2014. Ba a yi wata guda da watsewa ba hukumar abinci ta ƙasar ta amince a sayar da nau'in ƙwari 16 a matsayin abinci, ciki har da fara da gyare da tsutsar siliki. Mu Kanawan da ke zaune a nahiyar Asiya, in muka ga wahalar da ake sha wajen lallashin mutane su ɗanɗana, har ana niƙa gyare a cusa a biskit da taliya don kada ido ya gani, sai dariya ta kama mu. A gida yarinya ce za ta ɗauko robar soyayyiyar fara da ƙullin yaji, kafin la'asar ta sayar. Hadisin matattu biyu da aka halatta, kifi da fara, ko ɗan Islamiyya ya san shi.

Sai dai akwai inda suka fi mu. Singafo na shigo da fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincinta daga waje, don haka ba ta wasa da sanin asalin kaya. Ƙwaron da aka kamo a daji ba ya shiga kasuwarta, sai na kiwo, ba a yarda a ciyar da shi kashin dabbobi ko ruɓaɓɓen abu ba, kuma dole a rubuta a jikin kwali cewa da ƙwaro a ciki. Farar da ke zuwa Kano a buhuna daga Borno da Yobe da Nijar kuwa ta daji ce, da daddare ake kama ta da tocila lokacin da sanyi ya kashe mata jiki. Mai kamun bai san ko an yi feshi a gonar shekaranjiya ba, dillali ma bai tambaya ba, alhali tafasa da suya ba sa raba ta da maganin feshi gaba ɗaya.

Ba na goyon bayan a hana kamun daji. Farar kiwo tana son ɗanyar ciyawa kullum, ba za ta taɓa kamo ta daji araha ba. Gyaran na hannun dillalai: a san garin da kowane buhu ya fito, a daina saye daga yankin da ake feshi. A tafasa da gishiri, a shanya a kan raga sama da ƙasa, ba a gefen titi ba, har sai ta karye ƙaras, domin buhun da aka ɗinke da sauran danshi fumfuna zai yi. A cire ƙafafun baya saboda ƙayar da ke jikinsu. Wanda jatan lande ke tayar wa da ƙuraje ya yi hattara da ita.

Abin da ya fi cancantar mu kwaikwaya daga wurinsu ba na bakin mutum ba ne, na kaji da kifi ne: tsutsar baƙin ƙudan soja. Busasshiyarta na ɗauke da sinadarin gina jiki wajen kashi 40 cikin ɗari, ga mai, kuma shara take ci. Duk mai kiwon tarwada a Kano ya san abinci ne ke cinye ribarsa, ga kuma ruɓaɓɓen kayan gwari a kasuwar Yankaba da 'ya'yan itace a kasuwar 'Yan Lemo ana neman inda za a zubar.

Aikin ba wuya. Ƙudan ba ya cizo, ba ya bin abinci, mako guda yake yi a duniya. Ana sa shi a kejin gidan sauro inda hasken rana ke shiga, don in babu haske ba ya barbara. Macen na zuba ƙwai ɗaruruwa a tsagin kwali ko katakon da aka ɗora bisa abu mai tsami, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4. A reni 'ya'yan kwana 5 a jiƙaƙƙiyar dusa. Daga nan a zuba kamar 10,000 a roba mai faɗin santimita 40 da tsawon 60, a ba su kilo 15 na daddatsattsiyar shara, a raba ta kashi uku, a kwashe a kwana na 12 kafin su fara baƙi. A tankaɗe, a tsoma a tafasasshen ruwa, a shanya. Abin da ya rage a robar taki ne.

Inda ake faɗuwa shi ne kwafo tsarin Asiya yadda yake. Singafo zafinta da danshinta kusan ɗaya ne duk shekara, daidai abin da tsutsar ke so, wato zafin maki 27 zuwa 30 a ma'aunin salsiyos. Kano kuwa a hunturu iska na busar da ƙwai kafin su fashe, sanyin asuba ya hana ƙudan barbara. Sai an rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a kejin ana yayyafa ruwa. A watan Afrilu zafi na kai maki 40, tsutsar kuma da nata zafin da take fitarwa, sai ka ga tana hawa bangon roba tana gudu. A lokacin a rage yawanta, kaurin abincin kada ya wuce santimita 5, kuma kada a yi rumfar da kwano tsirara. Tumatir da kankana zalla ruwa ne, za su yi wari su kira ƙudan gida. A haɗa da dusa har in an matsa a hannu ɗigo kaɗan ne zai fito. Cinnaka da ƙadangare da ɓera duk abokan gaba ne, don haka a tsoma ƙafafun teburin a gwangwanin ruwa, a rufe da raga.

Kuma kada a ɗora kaji ko kifi a kan tsutsa zalla, mai ya yi mata yawa. Wani kaso na garin kifi da waken suya za ta maye, a fara da kaɗan ana auna nauyinsu duk mako.