Wanda ke jiran katafila ba ya zuba rodi a gininsa

Da zarar an shiga Satumba da Oktoba, mutanen Mile 12, Agiliti, Owode da Kara a yankin Legas sun san abin da ke tafe. Za a saki ruwan madatsar Oyan da ke jihar Ogun, Kogin Ogun ya cika ya batse, ruwa ya bi unguwannin da ke kwari. Gwamnati ta fitar da sanarwa a koma tudu. Idan ya janye sai motocin agaji su iso da shinkafa da katifa da gidan sauro, a ɗauki hoto a watse. Daga nan kowa ya maida katakonsa ramin da ruwa ya tumɓuke shi, ya miƙe tsohuwar ƙusa ya sake buga kwanonsa.

Ba na raina agaji, wanda ya kwana da yunwa ba ya cin zanen gini. Sai dai 'yan makonnin da ke biyo bayan ambaliya ko gobara su ne kaɗai lokacin da fili ke zama wayam, a iya sake shata layi, a faɗaɗa hanya, a ɗaga daɓe. A daidai wannan lokaci ne ba a ganin mai zanen gine-gine ko injiniya a unguwanninmu. Suna can Ikoyi da Lekki da Eko Atlantic, inda aka cike teku da yashi aka kuma gina katangar duwatsu mai tsawon kilomitoci da dama don kare benayen masu hali. Ilimin tsare ruwa akwai shi a Legas. Inda yake tsayawa ne abin tambaya.

Shiga layin 'yan albasa ko na tumatir bayan ruwan dare ka gani. Mai rumfa ya jera bulo biyu a bakin ƙofa, ya ɗora buhuna kan katako don kada laima ta kama su. Wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, kowa ya ja tasa daga ta maƙwabci, janareto na ruri kusa da jarkar fetur. Layin da a da mota ke bi, kowa ya ci taku ɗaya da tebur har ya zama baro biyu ba sa iya giftawa. Ranar da wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana a bakin titi za su tsaya suna jan mesa. A Agege kuma akwai gidajen da aka sabunta titin gabansu, kwalta ta fi daɓen ɗaki tudu, ruwan titi ya mayar da tsakar gida kwatarsa. Duk waɗannan matsaloli ne na zane, kuma maganinsu ba na miliyoyi ba ne: tsayin fandisho, faɗin layi, inda lambatu zai zubar, makunnin wuta a saman bango maimakon kusa da ƙasa.

To me ya hana mutanenmu yi, alhali wasunsu na juya kuɗin tirela a mako? Ba jahilci ba ne, ba kuma rowa ba. Tun 2016, bayan rikicin da aka yi a Mile 12, gwamnatin jihar Legas ta ce za ta mayar da kasuwar zuwa Imota ta wajen Ikorodu. A 2022 aka ba mazauna Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi. Kowa kuma ya ji labarin Otodo Gbame, ƙauyen masunta da aka rushe tsakanin 2016 da 2017, aka raba kusan mutum 30,000 da muhallinsu, duk da cewa daga baya babbar kotun jihar ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. Mutumin da ke kwana yana sauraron ƙarar katafila ba zai zuba rodi da siminti a rumfarsa ba. Ya gwammace ya gina gida a Dawanau ko Illela ya bar nan da leda da langa-langa. Lissafinsa daidai ne, kuma shi ne ke sa gobara ta cinye layi guda cikin awa ɗaya.

Gwamnati na da hujjarta, kuma ba ta banza ba ce. Wanda ya gina kan magudanar ruwa ya jefa unguwa guda cikin hatsari, dole a cire shi. Amma rusau ba tare da an tanadi wurin komawa ba, tura mutane ne wata fadamar su sake cike ta da shara su kafa sabbin bukkoki. Sannan kada a ce rashin bin doka halin talaka ne kawai. Benen da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, hawa 21 ne, hukuma kuma ta ce izinin 15 ta bayar.

Akwai darasi a Makoko, unguwar Legas da ke kan ruwa. A 2013 mai zanen gine-gine Kunle Adeyemi ya gina makaranta mai hawa uku da katako, tana yawo a kan ruwa bisa gangunan roba kusan 250. Duniya ta yi ta tafi, har samfurinta ya ci lambar yabo a Venice ta ƙasar Italiya a 2016. A watan Yunin shekarar, bayan ruwan sama mai ƙarfi, makarantar ta rushe. Allah Ya taƙaita, an riga an kwashe yaran tun kafin nan. Dabarar ba ta da laifi a ganina, domin mutanen Makoko sun daɗe suna zaune kan ruwa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai riƙa duba katako, ya canza wanda ya ruɓe, da asusun da za a yi hakan. Mu da muka taso a gidan ƙasa mun san wannan: duk shekara kafin damina sai an yi yaɓe an duba indararo, in ba haka ba soron da Sarkin Magina ya gina ma zai zube.

Abin da ya fi kama da buƙatarmu shi ne wanda mai zanen gine-gine Alejandro Aravena ya yi a garin Constitución na ƙasar Chile bayan girgizar ƙasar 2010. Kuɗin gwamnati ba zai kai cikakken gida mai kyau ba, sai ya gina rabin da ya fi wuya, wato fandisho da ginshiƙai da rufi da banɗaki da kicin, ya bar ɗaya rabin kowa ya cike da ƙarfinsa. A kasuwa irin tamu fassararsa a fili take. Hukuma ta ɗauki daɓe mai tudu, lambatu, layin motar kashe gobara, tankin ruwa da wayar lantarki ta ƙa'ida. Ɗan kasuwa ya ɗora rumfarsa a kai, da takarda a hannu mai cewa shekara kaza ba mai tashinsa.

Nan ne nake ganin shugabanninmu sun yi sake. Ƙungiyoyin kasuwa na karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta sauke kaya, fadar Sarkin Hausawa kuma ba ta rasa baƙi 'yan siyasa lokacin zaɓe. Cikin kuɗin nan ana iya ɗaukar mai zane da injiniya, ga yaranmu da suka karanta fannin a Zariya da Kano da Minna suna neman aiki, su auna kasuwa, su gano inda ruwa ke kwanciya, su ajiye taswirar sake gini a ofishin ƙungiya tun wuta ba ta tashi ba. Idan shugaban kasuwa ya shiga Alausa, mazaunin gwamnatin jihar Legas, da wannan taswira yana neman wa'adin zama a rubuce, maganarsa za ta fi nauyi a kan ta wanda ya je jajen kansa bayan asara. Gina lambatu da ɗaga daɓe kuwa aikin rani ne, daga Disamba zuwa Maris, don haka awon ya kamata a fara shi tun alamar ruwan bana na jikin bango.