Hannun yaron bai shanye ba

Nakan ji ba daɗi in iyaye suka ce likitoci sun shanye wa ɗansu hannu. Tsoronsu abin fahimta ne: an yi wa yaro tiyatar raba yatsun da ƙuna ta manne, ya farfaɗo, uwa ta ɗaga hannun ya faɗi laƙwas, ta mintsine shi bai ji ba.

Da gangan aka yi. Bayan an sa shi barci, likitan kashe zafi kan yi allura kusa da jijiyoyin ji da motsi da ke hamata ko ƙasan wuya, wadda takan sa hannun ya saki, ya daina ji na ɗan lokaci. Wannan yana rage raɗaɗi, yana kuma buɗe ƙananan hanyoyin jini. Yawanci cikin awa 24 hannun yakan dawo. In ya wuce haka, a sanar da likita.