Ƙanena ma ya ji muryoyin nan

Wani labari na masu cutar sikizofireniya, wato cutar taɓin hankali da kan sa mutum jin muryoyi alhali ba mai magana, ya taɓa ni, don ƙanena na fama da ita. Abin da mutane ba su gane ba, muryar da yake ji, a wurinsa gaskiya ce tsantsa: sashen ji na ƙwaƙwalwarsa kan motsa tamkar wani na yi masa magana. Masana na ganin aikin dofamin, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ne ke rikicewa, sai kallon maƙwabci ma ya zame masa makirci. Abin da ya fi ciwo, cutar kan hana mutum gane cewa ba shi da lafiya, shi ya sa yake zubar da magani. Shekara biyu muka ɓata wajen masu cire aljanu kafin mu kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano. Yanzu alhamdulillahi har ɗinki yake yi.