Darasin ɗaya ne a Helsinki da Bauchi, mai duba allo ne yaranmu suka rasa

Da damunar bara yayata ta kira ni daga Bauchi bayan sallar isha'i. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ƙanena, ka gaya mini tsakaninka da Allah, wannan karatun da ake yi ta waya karatu ne kuwa? Ɗanka ya dame ni, wai digirin kwamfuta zai yi ta intanet, har yana maganar a sayar da filin mahaifinsa na bayan Gwallameji." Na ce mata, "Yaya, karatu ne na gaske, amma kada a taɓa filin nan tukuna." Tun daga ranar nake juya maganar a raina, domin na san gidaje da yawa a Bauchi da Gombe suna da yaro irin wannan da uwa irin wannan.

Ina zaune a Helsinki, babban birnin Finlan, ina aikin kula da layukan sadarwar kwamfuta a wani kamfani. A teburin da ke kusa da nawa akwai wata mata da ta fara rayuwarta da aikin jinya, ta koyi rubuta manhaja da daddare bayan ta kwantar da 'ya'yanta. Kwas ɗin da ta fara da shi na Jami'ar Helsinki ne, jami'ar da Linus Torvalds yake ɗalibta a 1991 lokacin da ya fitar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kyauta ne, a buɗe yake ga duk wanda ke da intanet a duniya, akwai na Java, wani yaren rubuta manhaja, mai kashi 14, akwai kuma na Python. Na Java ɗin na tura wa ɗan yayata. Abin da matar nan ta karanta, harafi da harafi, shi yaron ya buɗe a ɗakinsa a Bauchi.

A kashi na huɗu ake shiga abin da ɗalibai ke kira OOP, wato salon rubuta manhaja da ke ɗaukar kowane abu a matsayin halitta mai siffofinta da ayyukanta. A nan yara da yawa suke tsayawa cak, shi ma a nan ya tsaya. Ya ce, "Kawu, na haddace ma'anar kilas da objek, amma idan aka ce in rubuta sai kaina ya ɗaure." Sai na ce ya manta da littafin, ya tuna adashin da mahaifiyarsa ke riƙe wa matan unguwa. Kowace mai zubi tana da suna, tana da adadin da take zubawa, tana da ranar kwasarta. Tsarin shafin da uwar adashi ke zana wa kowa iri ɗaya, shi ne kilas. Shafin mace ɗaya da sunanta da kuɗinta a ciki, shi ne objek. Kuma babu wadda za ta ɗauki biro ta gyara lissafinta da kanta, dole ta biyo ta hannun uwar adashi ta ce ga zubina, ko ta ce kwasata ta zo. Wannan killacewar ita ce zuciyar darasin. Mutanen Nowe biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, da suka fito da wannan salo a yaren Simula a 1967, su ma abubuwan duniya na zahiri suke son kwaikwaya a cikin na'ura. Cikin kwana biyu yaron ya rubuta manhajar adashi mai aiki, har da tarar wadda ta makara da zubi, abin da ban ma sa shi ba.

Saboda haka duk mai cewa yaranmu ba za su iya ba, bai zauna da su ba ne.

Abin da ya fi burge ni a kwas ɗin nan yana can ƙarƙashin darasin. Duk aikin da ɗalibi ya rubuta, yana tura shi ga wata na'ura da ke gwada shi nan take, ta ce masa ka ci, ko ta ce ga inda ya karye, koma ka gyara. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san wannan tsari. Kai za ka rubuta allonka, ka kawo wa malam ya duba, ka biya masa, ya gyara maka wasali, ba za a ƙara maka ba sai wancan ya zauna. Ni kuwa lokacin da nake jami'a, a wata jiha ta Arewa da ba sai na ambata ba, a takarda muka rubuta jarrabawar Java. Mu fiye da ɗari biyu a aji, kwamfutocin da ke aiki a ɗakin gwaji ba su kai ashirin ba. Na ci kwas ɗin da sakamako mai kyau alhali ban taɓa ganin manhajar da na rubuta ta tashi a kan allon kwamfuta ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin malamanmu sun san aikinsu, kayan aiki ne babu, kuma mutum ɗaya ba zai iya duba allon yara ɗari biyu ba.

To amma kada wani ya ɗauka zan ce kowa ya bar jami'a ya koma waya. Na ga yadda karatun yake a ɓangarori biyun, kuma akwai tazara.

A nan, idan gida ya yi wa abokiyar aikina hayaniya, sai ta hau jirgin ƙasa zuwa Oodi, babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2018 daura da majalisar ƙasa. Akwai kujera, akwai wuta, akwai intanet, akwai ɗakunan da za ka kama ka rufe ƙofa, ba a karɓar ko sisi. Ɗan yayata kuwa wata rana muna tsakiyar gyara wani kuskure ta kiran bidiyo sai fuskarsa ta ɓace, hasken fitilar waya kawai nake gani yana yawo a silin. Ya ce, "Kawu, sun ɗauke, saura kashi tara a batir, bari in yi sauri in tura." Bai samu ya tura ba. Washegari ya ɗauki kwamfutar a jaka ya kai shagon caji a Wunti, ya zauna a kan benci yana gadinta awa uku. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wutar da ke shigowa Arewa suka lalace aka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, duk ɗalibin da ke da ranar miƙa aiki a wannan tsakanin ya san abin da ya gani. Jami'ar da ke Landan ko Kalifoniya ba ta san an ɗauke wuta a Bauchi ba, agogonta tafiya kawai yake yi.

Ɓangaren haɗa kwamfutoci, wato netwokin, wanda shi ne sana'ata, ya fi nuna wannan tazara. Kamfanin Cisco, mai ƙera na'urorin haɗa kwamfutoci, yana da makarantarsa ta intanet tun 1997, kuma yana ba da wata manhaja kyauta mai suna Packet Tracer. A cikinta za ka jawo hoton rauta da na suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci suna kai saƙo a tsakaninsu, ka haɗa su da zare, ka raba musu adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, ka aika saƙo ka ga yadda yake tsallakawa daga wannan na'ura zuwa waccan. Kayan koyo ne mai kyau ƙwarai, kuma bayan ka sauke shi ba ya cin data sosai. Da shi mutum zai gane dalilin da ya sa yawan adireshin da ke cikin tsarin IPv4 mai bit 32 bai wuce kusan biliyan 4.3 ba, da dalilin da ya sa dole a iya yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa ofisoshi. Sai dai a cikin Packet Tracer ɓera ba ya cin waya, ƙurar hunturu ba ta toshe fankar na'ura, tsawa ba ta ƙona suwic. Ranar da na fara ba wani sabon ma'aikaci kebul da kan RJ45, wato ɗan filogin da ake sa wa a bakin kebul ɗin, na ce ya matse, yana da takardar shaida mai kyau, amma hannunsa rawa yake yi. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, kowace da gurbinta: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka sauya biyu kawai, ofis guda ya wuni yana zagin kamfanin intanet. Wannan ba a koyonsa da ido, sai ka ɓata kawuna goma ko ashirin da hannunka.

Kuma aikin nan muna buƙatarsa a gida fiye da yadda muke zato. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, mai POS a kasuwar Muda Lawal ya ji a jikinsa duk da bai taɓa ganin teku ba. Asibitoci da makarantu da bankuna da cibiyoyin jarrabawar JAMB a Bauchi da Gombe duk suna tafiya ne a kan layukan da wani ya shimfiɗa, kuma idan suka lalace wani ake nema ya zo da jakar kayan aiki.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na hana sayar da fili. Jami'ar Landan tana ba da cikakken digirin kwamfuta ta intanet tun 2019, digiri ne na gaskiya, amma kuɗinsa dubban fam ne. University of the People ta Amurka ba ta karɓar kuɗin koyarwa, sai dai kowane kwas akwai kuɗin jarrabawa sama da dala ɗari, kuma kwasa-kwasan digiri da yawa ne. Jarrabawar CCNA ta Cisco, wadda ke ba da takardar shaidar ƙwarewa a netwokin, dala 300 ce. A lokacin da dala ke kan naira 1,500, naira 450,000 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Wanda ke karɓar albashi da yuro ba ya jin nauyin wannan, shi ya sa nake jin haushin 'yan uwana mazauna waje da ke tura wa ƙannensu tallar irin waɗannan makarantu suna cewa ai da sauƙi. Idan aka sayar da fili aka biya shekarar farko, naira ta sake faɗuwa, da me za a biya ta biyu?

Ga kuma takarda. A Helsinki an fi tambayar mutum ya nuna abin da ya gina. A gida kuwa har yanzu ma'aikatar gwamnati digiri take nema da takardar bautar ƙasa, kuma ba zan yaudari yaro in ce masa wannan ba komai ba ne. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yelwa da Gubi, muna da jami'ar jiha a Gaɗau, ga Jami'ar Jihar Gombe, ga ta tarayya a Kashere, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Ra'ayina shi ne yaro ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan don takarda da malamai da abokan karatu, sannan ya ɗora kwasa-kwasan intanet na kyauta a kai don hannunsa ya faɗa. Ko a 2022 da yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas, da yaro ya samu wanda zai zaunar da shi, wata takwas sun ishe shi ya gama Java ɗin nan gaba ɗaya.

Wanda zai zaunar da shi ɗin nan shi ne abin da ya fi damuna. Na lura ba wahalar darasi ce ke korar yara daga karatun intanet ba, kaɗaici ne. Kuskure ɗaya zai riƙe ka kwana uku, babu wanda za ka juya ka tambaya, a gida kuma ana ganin wasa kake yi da waya, ana aikenka kasuwa. Na'urar da ke gwada aikinka za ta ce maka ya karye, amma ba za ta lura cewa mako biyu ba ka zo ba. Mu kuwa mun gaji karatun zaure, inda ake haɗuwa bayan asuba ko bayan magariba, kowa da littafinsa, na gaba yana jan na baya, wanda bai zo ba a aika a dubo shi. Ban ga abin da zai hana a yi wa Java da netwokin irin wannan zama ba. Ɗaki ɗaya ake buƙata, da farantin sola da batir, da layin intanet ɗaya da za a yi karo-karo a biya, da tsofaffin suwic biyu da rauta, irin waɗanda kamfanoni a nan Turai suke cirewa su zubar duk bayan 'yan shekaru alhali lafiyarsu ƙalau.

Abin da muka yi ke nan a gidan Yaya. Ta ba da zauren da ake ajiye buhunan masara, na aika kuɗin sola, yaron ya nemo abokansa huɗu, biyu daga cikinsu 'yan mata ne da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, suna zuwa da rana su tafi kafin magariba. Duk ranar Asabar bayan la'asar ɗinsu nake shiga ta bidiyo, kowa ya buɗe abin da ya rubuta a wannan makon ya biya mini, ni kuma in tambaye shi dalilin kowane layi. Da wani abokina zai je gida hutun ƙarshen shekara, na cusa masa suwic biyu da ƙullin kawunan RJ45 guda ɗari da abin matse su a cikin akwatinsa.

Kawuna goma sha ɗaya suka ɓata kafin fitilar suwic ta kama kore. Ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta matse na goma sha biyun. Yaron ya turo mini hoton baƙin allon kwamfutarsa da amsar ping, wato saƙon gwajin da ake aika wa wata na'ura a ga ko za ta amsa, layi huɗu a jere, a ƙasa ya rubuta, "Kawu, ta amsa." Yaya kuma ta karɓi wayar ta ce in gaya musu su riƙa share ɓawon wayoyin da suke zubar mata a zaure, kaji suna tsattsaga.