Ci-ranin koyar da Turanci: ana hangen Koriya, ga Maraɗi a ƙofar gida

Sau uku cikin mako guda talla iri ɗaya ta faɗo zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Hoton wata budurwa ce a gaban allo, yara 'yan Asiya sun kewaye ta suna dariya, a ƙasa kuma ga albishir: kwantiragin koyar da Turanci na wata uku zuwa shida a ƙasar waje, da masauki, da albashi da dalar Amurka, ba a neman gogewa. Abin da ake so kawai ka sayi takardar shaidar TEFL, wato ta koyar da Turanci ga baƙin harshen, ta intanet, sannan ka biya ejan kuɗin buɗe fayil. Sau biyu ina kau da kai. A na ukun ne ɗan ƙanwata, wanda ya gama bautar ƙasa bara da digirin Turanci a hannu, ya same ni bayan magariba yana sosa ƙeya. "Kawu, a taimaka mini da rance. In na je, wata uku kacal zan biya."

Ban ga laifinsa ba. Makarantar kuɗin da yake koyarwa ba ta biyansa ko mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haushina yana kan masu boko da ke yaɗa wannan talla suna ɗora mata hujja: wai Najeriya ƙasar Turanci ce, duniya kuma na neman malaman Turanci, don haka kasuwa tamu ce, rashin sani ne kawai ya hana yaranmu shiga. Maganar tana da daɗin ji. Ƙarya ce.

A wannan kasuwa, kafin a saurari bakinka fasfonka ake dubawa. Koriya ta Kudu, wadda hotunanta suka fi yawa a irin waɗannan tallace-tallace, tana da bizar malaman harshe mai suna E-2, kuma ga mai koyar da Turanci ƙa'idar da aka sani ita ce ya fito daga ɗaya cikin ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan, Ailan da Afirka ta Kudu. Su ne a lissafinsu suka sha Turanci a nono. Farfesan Turanci daga Zariya ko Bayero, da littattafansa da ɗalibansa, ba ya cikin jerin. Yaron Birtaniya da ya gama digiri jiya a Manchester, a kowane fanni, yana ciki. Ita kanta Birtaniya, jerin ƙasashen da ta yarda mafi yawan mutanensu Turanci suke yi ya ƙunshi Jamaika da Barbados da Guyana, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Shi ya sa ɗan Najeriya da aka koyar da shi da Turanci tun daga firamare har jami'a yake biyan kuɗi ya zauna jarrabawar IELTS ta auna iya Turanci, sakamakon kuma ya mutu bayan shekara biyu, sai ka ce madarar gwangwani.

Sin ce a da take haɗiye malamai da yawa, ta aji da ta intanet. A watan Yulin 2021 gwamnatin ƙasar ta dira kan kamfanonin lesin, ta hana cin riba da koyar da darussan makaranta bayan an tashi, ta kuma toshe hanyar ɗaukar malaman da ke zaune a waje suna koyar da yaran ƙasar ta intanet. Kamfanoni irin su VIPKid suka rasa kasuwarsu kusan dare ɗaya. Masu tallarmu ko dai ba su ji labarin ba, ko sun ji sun yi gum.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ba wanda ya tsaya ya tambayi batun "wata uku" ɗin nan. A nan asirin tallar ya tonu. Duk makarantar da za ta ɗauko baƙo daga wata nahiya bisa doka sai ta nema masa izinin aiki. Sai an tantance digirinsa an buga masa hatimi a ma'aikatu da ofishin jakadanci, sai takardar 'yan sanda da ke nuna ba shi da laifi, sai gwajin lafiya. Wannan zirga-zirga ita kaɗai tana cin makonni, wani lokaci watanni, ga kuɗi. Wane mai makaranta ne zai sha wannan wahala don malamin da zai tattara kayansa bayan kwana casa'in? Shi ya sa shirye-shiryen gaskiya duk na shekara ne: EPIK na gwamnatin Koriya shekara guda ne, JET na Japan da aka fara tun 1987 shi ma shekara guda ne, ana sabuntawa. Gajeren kwantiragi yana nan, ban ce babu ba. Akwai makarantun hutun bazara a Ingila da sansanonin yara a Italiya da Sifaniya, na mako huɗu zuwa takwas. Sai dai an yanka su ne daidai wuyan wanda tun farko yake da damar yin aiki a ƙasar: mai fasfon Tarayyar Turai in a Italiya ko Sifaniya ne, ko matashin da ƙasarsa ke da yarjejeniyar hutu da aiki. Shirin Birtaniya na irin wannan biza ta matasa ya haɗa da Japan da Kanada da Ostireliya, babu ƙasar Afirka a ciki. Ci-rani ne, amma na masu jan fasfo da shuɗi, mai kore sai dai kallo.

To ta yaya ejan zai kai ka wata uku? Hanya ɗaya ce, kuma ya san ta: bizar yawon buɗe ido. "Ka shiga tukuna, za a gyara takardun a can." Daga ranar da ka tsaya gaban allo da wannan biza ka zama mai laifi. In mai makaranta ya riƙe albashinka ba ka da inda za ka kai ƙara, domin kai za a fara kamawa. In jami'an shige da fice suka kai samame, shi tara zai biya, kai kuma gidan tsare baƙi, sannan a taso ƙeyarka da tambarin da zai bi fasfonka duk inda ka nufa.

Wannan ma idan akwai makarantar ke nan. A farkon 2020 duk mun ga bidiyon wata matashiya 'yar Najeriya tana kuka daga Labanon: an ce mata Turanci za ta koyar, ta tsinci kanta baiwar gida ƙarƙashin tsarin kafala mai ɗaure ma'aikaci ga maigidan da ya kawo shi, sai da hukumomi suka sa baki aka dawo da ita. A watan Fabrairun 2025 kuma aka fito da dubban mutane daga sansanonin damfarar intanet da ke Myawaddy, kan iyakar Miyanma da Tailan, cikinsu har da 'yan Habasha da 'yan Kenya. Da yawansu tallar aiki mai tsoka a Tailan ce ta ja su, kuma abin da masu sansanin ke nema a jikinsu shi ne iya Turanci, don da shi za a yaudari mutane a waya. Wato ainihin abin da yaronmu yake taƙama da shi, shi ne ƙugiyar. Wanda ya tura irin wannan talla cikin zaure ya rubuta "a jarraba sa'a" a ƙasa, ya sani da 'ya'yan mutane yake caca.

Takardar kuma fa? TEFL ba sunan wata hukuma ba ne, sunan sana'ar ne, kowa na iya buɗe shafi ya buga satifiket da sunan. Waɗanda manyan makarantu ke girmamawa su ne CELTA ta Cambridge da takwararta ta Trinity: kimanin awa 120 na horo, da aƙalla awa shida da za ka koyar da ɗalibai na gaske malami yana zaune yana auna ka. Tsada gare ta, kuma ko ita ba ta canza launin fasfo. Ta ƙarshen mako da ake danna "gaba, gaba" har a kai ƙarshe kuwa, araha ce da ba ta ado.

Akwai masu cewa a yi ta rubuta takardun koke har Turawa su yarda mu ma masu Turanci ne. An yi a 2022, dubbai suka sa hannu, ma'aikatar cikin gidan Birtaniya ta ce a'a, aka watse. Akwai kuma masu wa'azin kishin ƙasa, wai malami ya zauna gida domin azuzuwanmu ba malamai. Su fara biyan albashin da zai kai ƙarshen wata, sai mu saurare su.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Muna ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe da gangan, alhali wata a buɗe take a arewa da mu. A watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A sake karanta wannan jimla. Ƙasar da ke iyaka da Sakkwato da Katsina da Jigawa da Yobe ta rubuta a dokarta cewa harsuna biyun da ɗan ƙanwata ya fi ƙwarewa a kai su ne take so. Burkina Faso ta riga ta ɗora Turanci a kan wannan matsayi na harshen aiki. Aljeriya ta shigar da shi firamare a 2022, Senegal ta fara a farkon 2025, Togo da Gabon sun shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022. Yankin da Faransa ta yi wa mulkin mallaka yana juyowa, kuma harshe ba a koyonsa da sanarwar gwamnati, sai da mutum a gaban allo.

A Seoul, Hausar yaronmu ba ta da amfani ko na sisin kwabo. A Maraɗi ko Damagaram ita ce jarinsa. Zai iya yi wa ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Dubai bayanin jimla da harshen da ya tashi da shi, abin da Bature ba zai iya ba ko da takardu goma. Zai iya zama da ɗalibin da ke shirin shigowa jami'a a Kano ko Katsina ya gyara masa Turanci cikin hutun damina. Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi da Turanci take koyarwa tun kafuwarta, alamar cewa buƙatar ba yau ta fara ba. Daga Katsina ta Jibiya tafiyar ba ta kai ta Kano zuwa Kaduna ba. Babu tikitin jirgi, babu ejan, abincin naka ne, masallacin naka ne, in abu ya ɓaci ka hau mota ka kwana a ɗakinka. Kakanninmu da suka ƙirƙiro kalmar ci-rani haka suke yi: a je inda ake iya dawowa kafin shuka.

Na san abin da za a ce: kuɗin ba yawa. Gaskiya ne, ba wanda zai gina bene da lesin a Damagaram. Amma tun da aka saki naira a 2023, jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu, abin da a da muke yi wa dariya. Na kuma san Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami, hanya ma ba ko'ina take da aminci ba. Duk da haka motocin Maraɗi ba su daina lodi ba, 'yan kasuwa da masu zumunci suna ta kai da kawo. Malami ne kaɗai aka ce masa waje sai an hau jirgi.

Abin takaicin, kayan aikin ma muna da su. Tun 1987 Najeriya ke da hukumar TAC mai tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu, a aljihun gwamnatinmu. Ruwanda, da ta koma koyarwa da Turanci a 2008, ta ƙulla yarjejeniya da Zimbabuwe, a 2022 malamai sama da 150 suka sauka Kigali da takardunsu a hannu, gwamnati da gwamnati. Me zai hana a yanko wani reshe na TAC na zango ɗaya ko biyu, musamman don maƙwabta masu Faransanci? Me zai hana gwamnonin Katsina da Jigawa da Sakkwato, da ba sa gajiya da zancen 'yan'uwantaka in an zo bikin rantsarwa, su zauna da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da Tawa a kan musayar malamai lokacin dogon hutu? Kwalejojin ilimi su ƙara kwas na koyar da Turanci ga wanda ba da shi ya yi makaranta ba, da ɗan Faransancin gaisuwa. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane kuma ta leƙa waɗannan zaurukan, lambobin wayar ejan ɗin a fili suke, ba ɓoye su aka yi ba.

Duk wannan na zayyana wa ɗan ƙanwata a daren nan, har shayinsa ya huce. Na ce rancen TEFL ba zan bayar ba, amma kuɗin motar Maraɗi da na kwana bakwai yana wuyana, ya je ya zaga makarantu da cibiyoyin koyon harshe da takardunsa, ya gani da idonsa. Ya yi shiru yana juya wayarsa, hoton budurwar nan da yaranta yana haske a tafin hannunsa. Can ya ɗago.

"Amma Kawu, Nijar ai ba waje ba ce."