Kada Mu Yi Wa Allah Shaidar Zur

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa a cikin Almasihu.

Shekara da shekaru wani hoto yana yawo a wayoyinmu: wai ga ƙafar karusar Fir'auna an gano a ƙarƙashin Bahar Maliya, a rubuta "Amin" a tura wa mutum goma. Don Allah mu daina turawa. Labarin ya fito ne daga bakin wani Ba'amurke, Ron Wyatt, ma'aikacin jinya, wanda ya ce ya gan ta kusa da Nuwaiba, wani gari a gaɓar tekun a ƙasar Masar, a 1978. Ya rasu a 1999, har yau babu gidan tarihin da yake riƙe da ƙafar nan, babu masanan da suka auna ta suka tabbatar. Ayuba ya tambayi abokansa ko za su faɗi ƙarya ne a madadin Allah (Ayuba 13:7). Mu ma tambayar ta shafe mu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muna da shaidu na gaskiya, amma ba mu san su ba.

Ku duba bautar talala ta Babila. A cikin 2 Sarakuna 24 an faɗa mana Nebukadnezzar ya kewaye Urushalima, ya kama sarki Yehoyakin, ya naɗa Zedekiya a madadinsa. Su ma marubutan fadar Babila sun rubuta wannan a kan allon yumɓu, yana nan a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan: a shekara ta 7 ta sarautar Nebukadnezzar, ran 2 ga watan Adar, ya ci birnin Yahuza, ya kama sarkinsa, ya naɗa wanda ransa ya so. Da lissafinmu, watan Maris ne na shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Waɗanda suka rubuta wannan ba su bauta wa Allahn Isra'ila, ba su kuma da niyyar taimakon wa'azin kowa.

Akwai wadda ta fi wannan taɓa zuciya. A kangon Babila, Jamusawa masu tono sun sami allunan ma'ajin sarki, inda ake rubuta rabon abinci. A 1939 aka buga abin da ke cikinsu, sai ga mai da aka auna wa Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa 5. Sarkin da ya zauna a gadon Dawuda, ga shi a jerin masu jiran mudu. Yanzu sai ku karanta ƙarshen 2 Sarakuna 25, inda Ewil-merodak, sarkin Babila bayan Nebukadnezzar, ya fito da shi daga kurkuku a shekara ta 37 ta zaman talalarsa, ya yanka masa abincin kowace rana. Haka kuma allunan wani ƙauye da Babilawa suka kira Al-Yahudu, wajen 200, sun nuna Yahudawa suna noma, suna biyan haraji, suna ɗaura aure, suna sa wa 'ya'yansu sunaye masu ɗauke da sunan Ubangiji. Abin da Irmiya 29 ya umarce su ke nan: su gina gidaje, su dasa lambuna, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su. Kafin su ma, Sargon na Assuriya ya yi alfahari a rubuce cewa ya kwashi mutum sama da 27,000 daga Samariya.

Maganar Masar kuwa, a nan ake bukatar riƙon amana a harshe. Dutsen Fir'auna Merneptah, na wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda Flinders Petrie ya tono a 1896, ya ambaci Isra'ila a matsayin al'umma a ƙasar Kan'ana. An gano kangon birnin Ramases da Fitowa 1:11 ta ambata a Kantir, gabashin bakin kogin Nilu. A kabarin waziri Rekhmire akwai zanen baƙi suna kwaɓa laka suna buga tubali, mai tsaronsu na zaune da sanda. Wata tsohuwar takardar Masar da ke gidan tarihin Brooklyn a Amurka ta jera barorin wani gida, da yawansu masu sunayen mutanen gabas, ɗaya ma irin sunan Shifra ungozoma. Duk wannan ya nuna irin wahalar da Fitowa ta faɗa sananniya ce a Masar. Amma ba a sami rubutun Masar da ya ambaci Musa, ko annobai goma, ko ƙetare teku ba, kuma masana suna jayayya a kan lokacin fitar da yawan waɗanda suka fita. Fir'aunoni ba su saba sassaƙa kunyarsu a jikin dutse ba, damshin bakin Nilu kuma yana cinye takarda. Wannan dalili ne na rashin samun rubutu, bai zama shaida ba. Na gaskata Ubangiji ya fitar da jama'arsa da hannu mai ƙarfi, kuma zan ce bangaskiya ce, ba zan laƙa wa masu tono abin da ba su faɗa ba.

Iyaye da malaman makarantar Lahadi, ku na fi jiye wa. Yaron da muka ciyar da hoton jabu zai je jami'a, cikin minti biyu wani ya nuna masa ƙarya ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar nan ba hoton kaɗai zai zubar ba, zai fara shakkar duk abin da ya ji daga bakinmu, har da gicciye da tashin Ubangiji daga matattu. Wa zai ɗauki alhakin wannan yaro?

Fastocinmu da masu bishara, kafin wani labari ya hau bagade, a tambaya: wa ya tono, a ina, a wace shekara, abin yana wane gidan tarihi? Wanda ya turo maka abin da ba shi da amsar waɗannan, ka kira shi gefe cikin ƙauna ka faɗa masa, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. A makon nan kuma, lokacin addu'ar iyali, ku buɗe 2 Sarakuna 24 da 25 tare da yara, ku ba su labarin allon man Yehoyakin.