Barcin Direba Ma Jari Ne

Duk lokacin da babbar mota ta yi ɓarna a gida, sai 'yan uwanmu mazauna ƙetare su cika Facebook da cewa Bature ya san darajar rai, mu ba mu sani ba. Ni a ofishin wani kamfanin dakon kaya nake aiki a tsakiyar Ingila, ni ke tsara wa direbobi tafiya, kuma ban yarda da wannan magana ba. Masu motocin nan ba su fi Alhazanmu na Kano da Gusau tausayi ba, wasunsu ko gaisuwar kirki ba su iya ba. Abin da ya bambanta mu shi ne, a nan in mota ta yi ta'adi, aljihun mai ita ne ke fara jin zafi. Shi ya sa ya sa kiyaye hatsari cikin lissafinsa, layi ɗaya da kuɗin mai da albashi.

Direban tirela a nan ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sau biyu kacal a mako aka yarda ya kai 10. In ya yi awa 4 da rabi a kan sitiyari, dole ya huta minti 45. A mako ba ya haura awa 56, a mako biyu a jere ba ya haura 90. Ba kuma amana aka bar masa ba. Akwai na'ura a gaban motar, takogiraf, direba na zura katinsa a ciki, ita kuma tana rubuta gudu da tsayuwa da hutu. Injin ma an ɗaure shi, ko ka take totur har ƙasa ba zai wuce kilomita 90 a awa ba. Kowace safiya sai direba ya zagaya motar ya duba taya da fitilu da birki da ɗaurin kaya, ya sa hannu. In ya rubuta cewa birki na da matsala, ni ba ni da ikon tura motar, ko da mai kaya yana ta kiran waya yana kumfar baki.

Masu maguɗi ba su ƙare ba, akwai masu tuƙi da katin wani, kuma ana kama su. Sai dai mai kamfani ya san abin da zai rasa. Ba ya sa mota a hanya sai da lasisin sufuri, kuma kwamishinan da ya ba shi yana iya kiran sa ya rage masa yawan motoci ko ya ƙwace lasisin ɗungurungum. Kamfanin inshora na duba tarihin haɗurranka kafin ya yanka maka kuɗin shekara. Manyan kantuna kuwa ba sa ba ka kwangila sai sun ga takardun gyaran motocinka. A watan Fabrairun 2015, birkin wata tifa ya tsinke a gangaren birnin Bath, mutum 4 suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 4. Kotu ta wanke direban, ta ɗaure mai kamfanin da bakanikensa. Ku sake karanta wannan jimlar. A wajenmu da direba ne zai kwana a bayan kanta, in ma bai tsere daji ba don gudun hukuncin jama'a, Alhaji kuwa sai dai a je masa jaje.

To, mu dawo gida. Daga Kano zuwa Legas ya haura kilomita 1,000. Direba da yawa abin da zai samu ya rataya ne a kan yawan sawun da ya yi, saboda haka barci asara ne a wurinsa. Sai goro, sai shayi mai kauri, wasu har da tiramol. In ido ya ƙi, a miƙa wa yaron mota sitiyari cikin dare, yaron da ko lasisi bai da shi. Taya kuwa ta gwanjo ce, an yi mata faci har mai facin ya gaji. Ga obalodi, ga fasinja a saman buhuna. Mai mota na ganin duk wannan tattali ne.

Nan ne nake ja da shi, kuma ba wa'azi zan yi masa ba, lissafi za mu yi. Alhaji, ranar da motarka ta kwanta a Tafa ko Mokwa, wa ke biyan janwe? Wa ke biyan mai kaya tumatirinsa da ya ruɓe ko simintinsa da ruwa ya daka? Ga 'yan sanda, ga asibiti, ga diyya in an yi rashin rai, ga watannin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi, alhali bashin da aka sayo ta da shi bai tsaya ba. Mai kayan kuma ba zai sake neman ka ba. Tara wannan duka ka gwada da kuɗin sababbin tayoyi da albashin direba na biyu. Matsalar ita ce kuɗin taya a littafi ake rubuta shi, asarar hatsari kuwa sai a ce ƙaddara ce a rufe zancen. Ƙaddara gaskiya ce, babu musu. Amma a ofishinmu ko madubi direba ya fasa sai an rubuta ranar da wurin da awa nawa ya yi yana tuƙi kafin nan, kuma daga irin wannan rubutun ne ake gane wace hanya ce ke cin motoci, wane direba ne ke bukatar ƙarin horo, wane tsarin tafiya ne ya matse mutane. Hatta mai ma, direban da ba ya fizgar mota ba ya ƙona shi kamar mai gaggawa, kuma birkinsa ya fi daɗewa.

Na san za a ce ina zaune cikin sanyi ina tsara wa mutane. Akwai gaskiya a ciki. Ba za ka ce wa direba ya tsaya ya huta minti 45 a dajin Birnin Gwari don agogo ya cika ba. Ramukan hanya na kashe sabuwar taya kamar yadda suke kashe tsohuwa, shingayen karɓar na goro kuma na cinye awannin da ya kamata a yi barci a cikinsu. Dokar Ingila ba za ta ɗauku yadda take a dasa a can ba. Amma albashin wata maimakon kuɗin sawu, da direba biyu a doguwar tafiya, da duba birki kafin lodi, babu wanda ke jiran gwamnati a cikinsu.

Doka ma ai ba rasa ta muka yi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, kuma tun 2017 ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Bayan tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wuta ta ci mutum fiye da 150, sannan aka sake yin irinta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, gwamnati ta hana lodin tanka mai cin lita 60,000 daga watan Maris na shekarar. Mataki ne mai kyau, sai dai girman tanki ya taɓa, bai taɓa awannin da direba ya yi ido biyu ba.

Waɗanda nake ganin za su iya juya al'amarin da wuri su ne masu ba da lodi: kamfanonin siminti da fulawa da taki, da manyan dillalan kasuwannin Dawanau da Singa na Kano. Su ne ke da kayan da ke ƙonewa ko zubewa a kwalta. Ranar da suka fara tambayar mai mota takardar gyaran birki da sunayen direbobinsa biyu kafin su ba shi kaya, ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da kanta za ta buga fom ɗin ta raba wa 'ya'yanta.